Zogale Na Tukunya Ne, Ba Na Kwalba Ba

Cikin itatuwan da ke tsirowa a ƙasarmu ban san wanda aka zalunta sau biyu kamar zogale ba. Da fari an zalunce shi da raini, aka ce cimar matalauta ne, sai wanda rumbunsa ya yi ƙasa tun damina ba ta yi nisa ba shi ke waiwayarsa. Yanzu kuwa ana zaluntarsa da yabo, an ɗora masa kayan da ko raƙumi ba ya ɗauka, wai shi kaɗai yana warkad da cuta ɗari uku. A ganina duka biyu ɓata ne, amma na bayan ya fi na farin haɗari. Wanda ya raina zogale ya yi hasarar abinci mai kyau ne. Wanda ya mai da shi likita kuwa yana iya yin hasarar ransa. Abin da na ke so in faɗa muku ke nan, ya ku 'yan'uwa masu karatu: zogale abinci ne, abinci nagari kuwa, wurin zamansa tukunya da kwano.

Bari mu fara da sunansa, domin Bahaushe ba ya raɗa wa baƙon jiya suna biyar. Muna ce masa zogale, ko zogalagandi, waɗansu su ce bagaruwar Makka, waɗansu samarin danga, waɗansu kuma shuka halinka. In ka haura Maraɗi za ka ji ana ce masa tamakka. Wani likita Bature, Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsire-tsire da Hausa ya buga su littafi a shekarar 1916, iske shi ya yi a gidajen kakanninmu da sunansa, ba shi ya kawo musu ba. Asalinsa dai Indiya ne, can arewacinta wajen gindin duwatsun Himalaya, kuma wannan Makka da ke maƙale cikin sunayensa ita ke sa ni zaton ta hanyar gabas ya shigo mana, tare da alhazai da fatake. Mutanen Senegal suna ce masa nebedayi, watau maganar Turanci suka ara mai nufin abin da ba ya mutuwa, domin ko ka sare shi har ƙasa sai ya sake tohowa.

To, abin da sara bai kashe ba ga shi siminti yana kashewa. A nan unguwarmu ta Dawaki cikin garin Gombe, da can da wuya ka shiga gida ba ka tarad da zogale biyu ko uku a bayan ɗaki ba, daidai inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. Ba mai ba shi taki, ba mai yi masa ban ruwa, in uwargida ta rasa abin miya sai ta aiki yaro ya karyo reshe. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a shekarar 1996 mutane suka yi ta kwararowa, fili ya yi tsada, kowane taku na tsakar gida aka mai da shi ɗakin haya ko kanti, abin da ya saura aka malale da siminti. Itacen da a ke fara sarewa kuwa shi ne zogale, zama ba ya ba da inuwar kirki, ba ya yin azara, ko a murhu ba shi da garwashi. Yau ga mu muna sayen abin da da mu ke tsinka kyauta, ko ɗanye a kasuwa, ko dafaffe a faranti wurin 'yan mata masu talla. Wannan bai dame ni ƙwarai ba, ciniki ne, mai tallar ma ta samu na sabulu. Abin da ya dame ni shi ne gidan da ya sare nasa, bai kuma sayi na talla ba, sai maigida ya tafi kanti ya sayo garin ganyen nan cikin kafso da kuɗin da za su yi cefanen kwana biyu, ya riƙa haɗiya shi kaɗai, yara na can suna cin tuwo da miya tsararo.

Me ke cikin ganyen nan ne? Ma'aikatar Gona ta Amurka tana da babban kundi inda ta rubuta awon abin da ke cikin kowane irin abinci. Ga abin da ta samu cikin giram 100 na ɗanyen ganyen zogale, watau abin da in an dafa an matse bai wuce dunƙule ɗaya ko biyu ba. Furotin, wanda shi ke gina tsoka, giram 9 da ɗoriya; alayyaho mai wannan nauyi bai kai giram 3 ba. Kalshiyam, mai ƙarfafa ƙashi da haƙori, miligiram 185. Madarar shanu tana da wajen 120. Sinadarin ƙarfe, wanda jini ba ya yiwuwa sai da shi, miligiram 4. Bitamin C miligiram 52. Bitamin A maikurogiram 378. Kusan kashi huɗu cikin biyar na ɗanyen ganye ruwa ne, saboda haka in ya bushe sai abin da ke ciki ya tattaru, har wajen rubu'in nauyin garinsa ya zama furotin, daidai da busasshen wake ke nan. Sai dai ku tuna mutum yana iya cinye kwanon wake, amma ba wanda ke cinye kwanon garin zogale.

Na san waɗansunku sun taɓa ganin maganar nan da a ke bugawa jikin kwalabe, wai zogale ya ninka lemo sau bakwai wajen bitamin C, ya ninka karas sau huɗu wajen bitamin A, madara sau huɗu wajen kalshiyam, ayaba sau uku wajen fotashiyam. Ba ƙago ta aka yi daga sama ba, daga wani kundin awon abinci na Indiya aka ciro ta. Amma ɗora ta a kan awon Amurka ka gani. Lemo yana da bitamin C miligiram 53, zogale 52, kunnen doki ke nan. Karas yana da bitamin A maikurogiram 835, ya ninka zogale har da ƙari. Ayaba tana da fotashiyam miligiram 358, zogale 337. Abin da ya kawo bambancin shi ne iri ya bambanta, ƙasar da aka shuka ta bambanta, hanyar awon ma ba ɗaya ba ce. Mai talla sai ya zaɓi lissafin da ya fi masa kasuwa. Ni kuwa ko da ƙaramin awon na gamsu. Ganyen da ya yi kunnen doki da lemo, ya kusa kamo ayaba, ya ɗara madara, sa'an nan yana fitowa bayan ɗaki ba ko kwabo, me kuma a ke so ya yi?

Mu ɗauki bitamin A tukuna, domin nan ne amfaninsa ya fi fitowa sarari. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san dundumi: yaro lafiya lau da rana, magariba na yi sai ya riƙa karo da turmi, yana laluben ƙofa. Ƙarancin bitamin A ne ke kawo shi, in ya yi tsanani kuwa ya kan makantad da yaro ɗungum. Tun kafin a kai ga ido ma ya riga ya raunana jiki, har ƙyanda ko zawo su kayad da yaron da in da yana da isasshe da ya tashi. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke bi sau biyu a shekara suna ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 ruwan wani ɗan kafso a baki, shuɗi ga wanda bai cika shekara ba, ja ga wanda ya haura. Wannan aiki ne mai kyau, kada kowa ya hana ɗansa. Amma tsakanin ɗigo da ɗigo wata shida ne, a cikinsu kuwa tukunyar uwa ce ke riƙe da yaro. Ɗan shekara 1 zuwa 3 yana bukatar wajen maikurogiram 300 a yini. Ka ga ashe giram 100 na ganyen nan ya biya masa bukatar yini har da saura.

Akwai sharaɗi ɗaya. Abin da ke cikin ganye sunansa karotin, jiki ne ke juya shi ya zama bitamin A, hanji kuwa ba ya tsotsarsa da kyau sai tare da mai. Wanda ya dafa zogale ya barbaɗa gishiri da barkono kurum ya ci, da yawa daga amfanin ya wuce ta cikinsa kamar baƙon da bai sauka ba.

Nan ne na ke jinjina wa tsofaffin matanmu, waɗanda ba su taɓa jin sunan karotin ba. Dubi kwaɗon zogale yadda su ke haɗa shi. Ga dafaffen ganye, ga dakakken ƙuli-ƙuli, ga ɗan man gyaɗa, ga ɗanyar albasa da tumatir, ga yaji. Man shi ne ya buɗe wa karotin hanya. Ƙuli-ƙulin ya ƙara furotin mai yawa a kan na ganye, ya kuma kawo ƙarfin da ganye ba shi da shi. Ɗanyen tumatir ya mai da bitamin C da wuta ta cinye. Da za ka tara masana abinci ka ce su shirya wa talakan Arewa cima mai gina jiki wadda ba ta fi ƙarfin aljihunsa ba, ban ga abin da za su ƙara a kan wannan ba, sai fa ƙwai in an samu. Haka dambu, sa'ad da aka turara tsaki da ganyen tare aka zuba mai, haka miyar zogale da gyaɗa a kan tuwon dawa ko na masara, haka fate. Hatsi shi kaɗai furotin ɗinsa gurgu ne, akwai abin da ya rasa wanda wake da ganye ke cikewa. Duk waɗannan girke-girke tun kaka da kakanni mu ke da su. Abin da ya same mu shi ne mun fara jin kunyarsu. Na sha ganin gidan da in baƙo ya zo ana cin kwaɗo sai a tura kwanon ƙarƙashin gado, a aika a sayo taliya da lemon kwalba. Kai, jama'a! An ɓoye abinci an fito da sitaci da ruwan sukari.

Sai zancen jini. Binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a shekarar 2018 ya nuna cikin yara 100 'yan wata 6 zuwa 59 a Nijeriya, 68 suna da ƙarancin jini, cikin mata 100 masu shekarun haihuwa kuma 58. Ba rashin abinci kaɗai ke kawo wannan ba, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila duk suna da hannu. Zogale yana da sinadarin ƙarfe, gaskiya ne, amma ƙarfen ganye ba kamar na nama da hanta ba ne, kaɗan daga cikinsa jiki ke iya ɗauka, domin a cikin ganyen kansa akwai abubuwan da ke riƙe shi. Abin da ke sakinsa shi ne bitamin C: matsa lemon tsami a kan kwaɗo, ko yanka tumatir, ko a ci gwaiba a bayansa. Abin da ke ƙara ɗaure shi kuwa shi ne shayi. Samarinmu masu ɗora buta da zarar an sauke kwano, su jinkirta ko da awa guda. Mace mai ciki kuma ta ci zogalenta, amma kada ta ce ya ɗauke mata ƙwayar ƙarin jini da a ke ba ta wurin awo. Bukatarta ta fi abin da ganye ke iya biya.

Wajen dahuwa muna da laifi biyu. Na fari kanwa. Mata su kan jefa ta don ganye ya yi laushi da wuri, ya zauna kore shar, itace kuma ya yi auki, ban kuwa ga laifin mai tattalin itace ba a wannan zamani. Amma kanwa tana kashe bitamin C da waɗansu daga cikin bitamin B. Na biyu, a cika tukunya da ruwa, a bar ganye yana tafasa har a gama shara da wanke-wanke, sa'an nan a tsiyaye ruwan a zubar a kwata. Abin da ya narke cikin ruwan nan ya tafi ke nan. Na sani don a rage ɗaci da bauri a ke yi. To, a tsinki ɗanyen toho maimakon tsohon ganye, a sa ruwa kaɗan, da ya yi laushi a sauke, ruwan da ya saura kuma a juye shi cikin miya. In miya ce ma, a bari sai ta kusa nuna kana a zuba ganyen.

Shanya ma haka. Zogale ya kan kaɗe ganyensa da rani in bai sami ruwa ba, saboda haka mai hankali da kaka ya ke tanadi, sa'ad da ganye ya ke da yawa iska kuma ta bushe. Amma shanyar da mu ke yi a tsakiyar rana, bisa tabarma a bakin hanya, ƙura na sauka kaji na tonawa, hasara ce. Zafin rana yana cinye karotin, ganyen da ya koma ruwan toka ya riga ya yi sallama da yawancinsa. A wanke, a shanya cikin inuwa inda iska ke ratsawa, a rufe da ƙyalle mai tsabta, in ya bushe ƙarau yana nan kore a daka a tankaɗe, a zuba cikin abin da ke da murfi a ajiye inda haske ba ya kai. Kada wani ya ce tsabtar nan fi'ili ne. A shekarar 2025 can Amurka sai da aka janye garin zogale daga kantuna, domin an sami ƙwayar cutar salmonela a ciki, mutane sun kwanta. In abin da aka ɗura a kwalba aka liƙa masa takarda ya iya ɗaukar cuta, ina ga wanda aka shanya kusa da kwata?

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi, watau yara. Wannan bincike na 2018 ya ce cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya, 37 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A nan Arewa maso Gabas kuwa 49 ne, kusan rabi ke nan. Ɓarnar ta kan faru ne tun daga ciki zuwa shekara biyu, musamman lokacin da nono ya daina isa aka koma ga koko. Kokon gero tsararo, ruwa ne da ɗan ƙulli, yaro ya sha cikinsa ya cika, uwa ta ga ya yi shiru ta ce ya ƙoshi. Wata likita Baturiya, Cicely Williams, ta ga irin wannan a ƙasar Gana, a shekarar 1935 ta shigad da sunan da mutanen Ga ke kiran cutar cikin littattafan likitoci, kwashiyoko, watau ciwon yaron da aka ture daga nono don an yi masa ƙane. A shekarun 1997 da 1998 a yankin Kasamas na kudancin Senegal, wata ƙungiyar agaji, Church World Service, ta koya wa mata su riƙa barbaɗa garin zogale cikin kunun yara da abincin masu ciki da masu jego. Ma'aikatan asibitocin wurin sun yaba, wani ma'aikacin ƙungiyar, Lowell Fuglie, ya rubuta littafi a kai, daga nan ne sunan zogale ya cika duniya. Dabara ce mai kyau mai araha, ina kuwa goyon bayanta: yaron da ya wuce wata 6 a sa masa ƙaramin cokali na garin cikin kokonsa, tare da dakakkiyar gyaɗa ko garin waken soya da ɗan mai, ana ci gaba da ba shi nono.

Amma mu yi lissafi irin na aji uku. Babban cokali na garin zogale yana da furotin wajen giram 2. Ɗan shekara biyu yana bukatar giram 13 a yini. Wajen ƙarfi kuwa, yana bukatar kalori wajen 1,000, giram 100 na ɗanyen ganye kuma kalori 64 ne kurum. Raba ka gani: sai ya cinye fiye da kilo ɗaya da rabi na ganye kafin ya ƙoshi, ɗan akuya ne? Gyaɗa mai wannan nauyi tana da kalori fiye da 500. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zogale mataimaki ne ga hatsi da wake da gyaɗa da nono, ba ya tsayawa a madadinsu.

Yaron da tamowa ta riga ta kama, ya rame har haƙarƙari ya fito, ko ƙafafunsa suka kumbura gashinsa ya yi ja, wannan ya wuce zancen ganye. Asibiti za a kai shi, yau ba gobe ba. Akwai wani curi na gyaɗa da madara da sukari da mai da bitamin cikin 'yar jaka, Plumpy'Nut, wanda aka ƙago a Faransa a shekarar 1996. Jaka guda mai giram 92 tana da kalori 500. Da shi likitocin MSF suka ceci dubban yara a Maraɗi lokacin yunwar 2005. A Nijeriya kuma, sa'ad da aka fara gwada ba da shi ga uwaye su tafi da shi gida a shekarar 2009 da taimakon UNICEF, jihar Gombe da ta Kebbi aka fara. Uwar da ta zauna tana ɗura wa irin wannan yaro ruwan zogale don an ce mata maganin kome ne, kwanakin da ta ɓata su ne za su iya raba ta da shi.

Wa ya gaya mata maganin kome ne? Ai kun san su. Mota da lasifika a bakin kasuwa ko tasha, ga kwalabe jere a bisa, mai magana yana lissafa cututtuka kamar mai kiran sunayen 'yan aji: hawan jini, ciwon sukari, ciwon hanta, ƙanjamau, daji, rashin haihuwa. Wani dattijo maƙwabcina mai ciwon sukari, wanda ya shekara biyar yana shan ƙwayarsa lafiya, ya ji irin wannan kirari, ya ga kuɗin ƙwaya sun yi masa yawa, sai ya ajiye ta ya kama jiƙa garin zogale safe da yamma. Wata na fari yana ta ba mu labarin ya ji sauƙi. Kafin wata na uku ƙishirwa ta dawo, fitsarin dare ya hana shi barci, wani ɗan gyambo da ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa. Sai da aka yanke masa yatsu biyu. Yanzu ya koma ga ƙwayarsa, yana kuma cin kwaɗonsa, likita ma ya ce ya ci, ya fi masa farar shinkafa.

Wani zai ce, to, ai Turawa sun yi bincike sun ce yana sauke sukari. Gaskiya ne an yi, amma mafi yawansa a kan ɓeraye aka yi, ko cikin kwalaben ɗakin gwaji, ɓera kuwa ba mutum ba ne. Wanda aka yi a kan mutane kaɗan ne, mutanen da aka gwada ma 'yan kaɗan, abin da aka gani kuma ɗan sauƙi ne, ba warkewa ba. Wani masani na Jami'ar Johns Hopkins, Jed Fahey, wanda shi kansa mai son zogale ne, ya bi rubuce-rubucen da aka yi a kansa a shekarar 2005, ya ce zancen gina jiki ya tabbata, amma yawancin zancen magani bai sami gwaji mai ƙarfi a kan mutane ba. Lambar NAFDAC da mai lasifika ke nuna muku kuma, a kan maganin gargajiya shaida ce an duba ba a ga abin cutarwa ba, ba shaida ce yana warkarwa ba. Ku karanta ƙananan haruffan da ke gindin takardar, su da kansu sun faɗa. Kada mu yi wa rogo kallon kitse.

Har wa yau, ganye dabam, saiwa dabam. Saiwar zogale da ɓawonsa suna da abubuwa masu guba, a Indiya ma an daɗe da sanin suna zubad da ciki, saboda haka mace mai ciki kada ta kusance su ko da wa ya jiƙa mata. 'Ya'yansa da waɗansu ke taunawa barkatai suna sa zawo in sun yi yawa. Aikinsu na ƙwarai wani ne dabam: in ka ɓare su ka daka ka kaɗa cikin ruwa mai laka, sai dattin ya dunƙule ya kwanta ƙasa. Matan ƙauyukan Sudan na bakin Kogin Nilu sun daɗe suna yi, wata masaniya, Samia Jahn, ta bi ta auna ta tabbatar. Ruwan ya kan yi garau, amma garau ba tsabta ba ce, sai an tafasa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane inda ribar ta ke. A Jiratawa kusa da Maraɗi gona guda a ke yi wa zogale, ana ban ruwa ana tsinka rani da damina, ana loda buhuna zuwa kasuwa, da azumi kuwa har ya yi tsada don kowa na nemansa wajen buɗa baki. Can ba mai tura kwanonsa ƙarƙashin gado. Mu da mu ke da madatsar ruwa ta Dadin Kowa, da Kwalejin Koyon Aikin Lambu a gefenta, da masu lambu irin na Kwadon, ban ga dalilin da zai sa ganyen nan ya yi wuya a kasuwar Gombe da rani ba.

A cikin gari kuwa, na san abin da za a ce: ruwan sha ma sayensa mu ke yi wurin 'yan garuwa, ina na ba itace? Zogale ba ya neman ruwan garuwa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun ishe shi, abin da ba ya so ma shi ne ruwa ya kwanta masa a gindi. Wanda ke da taku biyu na ƙasa a bayan ɗaki ya samo reshe mai kaurin hannu, tsawon kamu biyu, ya kafa shi farkon damina, ko ya binne ƙwaya biyu zurfin gaɓar yatsa. Mai gidan siminti ya fasa ɗan wuri jikin katanga, ɗan haya ya cika buhu da ƙasa da taki. Ku kuma da za ku fita koyarwa, galibin makarantun da za a tura ku ba su da shinge. Samarin danga a ke ce masa, layi guda a bayan azuzuwa ya yi muku shinge, ya kuma ba kowane yaro reshen da zai kai gida. Abu biyu kurum za ku kiyaye. In ya kai tsawon ƙirji a sare kansa, a riƙa maimaitawa, in ba haka ba sai ya miƙe siriri ya kai ganyensa inda hannu ba ya kai. Sa'an nan watannin farko a kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando, domin awakin Dawaki ba su taɓa raina zogale ba.